Sun Tura wa Mai Yanar Ido Tes

"Babu sunansa a nan."

Haka mai gadin asibitin ya ce min, ko ɗago kai bai yi ba, yana ta jan yatsa a kan wata faffaɗar waya da aka rataya masa a wuya. Na ce ya ƙara dubawa. Ya ƙara. Na ce ya sa sunan kakanmu a gaba, don wani lokacin juya sunan suke yi. Ya sa. Babu. Ga Baba tsaye a gefena da sandarsa da ledar da Inna ta cusa masa bargo da buta a ciki, ga mutane a bayanmu suna cewa malam a matsa mana. Ƙarfe bakwai ma ba ta cika ba. Kuma ranar ce ta ƙarshe, da la'asar likitocin idon za su tattara kayansu su koma inda suka fito.

Bari in koma baya kaɗan, saboda ku da kuka dame ni da tambaya me ya sa na ɗora hoton wani bene a Sabon Gari na rubuta Allah ya isa a ƙasa.

Babana tela ne a Fagge. Tun kafin a haife ni yake kan keke. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko kirana yake in zira masa zare a allura, daga baya ya fara lalube almakashi a kan tebur, ranar da ya ɓata wa wani Alhaji shadda kuwa da kansa ya ja ƙyalle ya rufe keken. Tun daga nan sai zaman benci a ƙofar shago, yana gane mutane da murya. To sai aka yi sanarwa a masallaci wai wasu likitoci za su zo wani asibiti a Sabon Gari su cire yana kyauta, amma a waya ake rajista. Duk gidanmu ni ne mai babbar waya. Kun san ni, aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, na yi dako a kasuwar Singa, na yi cajin waya, na ja adaidaita wata huɗu, babu inda na daɗe. Amma waya dai na san ta. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, minti biyar ne.

Daga azahar har aka kira la'asar ina kan fom ɗin nan. Rubutun ƙanana kamar kiyashi, launin toka a kan fari, sai ka kare rana da hannu kafin ka gani. Fom na masu ciwon ido fa! Aka zo ranar haihuwa, sai ga kalanda ta buɗe daga watan da muke ciki, kuma wata ɗaya ɗaya take komawa baya. Na tambayi Baba yaushe aka haife shi, ya ce da kaka, ranar Laraba. Na ƙiyasta shekarun, na dinga danna kibiyar nan har babban yatsana ya yi tsami. Aka zo adireshi, wai dole lambar gida. Mu a Kwaciri gidanmu bayan masallaci yake, layin mai waina, ƙofa shuɗiya, duk wanda ya tambaya za a kawo shi. Akwatin ya ƙi karɓar haruffa, sai lamba. Na sa masa ɗaya. Sau biyu ana kirana a tsakiya, ina dawowa in tarar komai ya goge. A karo na uku na kashe kira gaba ɗaya, na gama, wata ƙatuwar alamar maki koriya ta fito ta cika fuskar wayar. Na ɗauki hotonta na ajiye, na ce wa Baba shi ke nan, ranar Alhamis ne.

Alhamis ɗin muna idar da sallar asuba muka fito. Wani abokina mai adaidaita ne ya zo har ƙofar gida ya ɗauke mu. An yi ruwa da dare, layinmu ya zama kunu, sai da muka tura kafin mu hau kwalta. Baba ya ƙi karyawa, wai wani a majalisa ya ce masa ba a cin komai idan za a yi aiki. Muka gangaro titin Katsina garin bai gama farkawa ba, masu ƙosai na hura wuta, masu shayi na jera burodi. Abin da ya ba ni mamaki, mutumin da ba ya gani shi yake gaya mana inda muke. Muna shiga Fagge ya ce a rage gudu akwai rami a gaban layin teloli, kuma akwai shi. Da muka zo wajen Singa ya ce ya ji ƙamshin sabulu da fulawa. Manyan motoci sun riga sun toshe rabin hanya, 'yan dako na sauke katan katan na taliya da buhunan shinkafa, wasu da na sani suka ɗaga min hannu suna tambaya ko na dawo aiki ne. Muka ratsa Yankura muka faɗa Sabon Gari, wani coci ya fara waƙar safe, masu shagon kayan wuta na ɗaga ƙofofin ƙarfe. Abokina ya sauke mu ya wuce neman nasa. Baba har da yi masa addu'a ya ce in Allah ya yarda gobe zai ga fuskarsa.

Sai ga mu a gaban mai gadi, babu suna.

Na fito da hoton koren makin na nuna masa. Ya ce shi ba a ce masa ya duba hoto ba. Da muryata ta fara tashi sai wata nas ta fito, babbar mace, da gani ta gaji tun kafin a fara. Ta ce bari ta nema da sunan wanda ya yi rajistar. Ta ce, "Baba, wa ya cike maka? Mene ne sunansa?" Baba ya kau da kai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan ɗin." Ni ne ɗan fari, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ba kuma a ƙofar asibiti zai fara ba. Na faɗa da kaina. Ta duba, ta ɗago ta ce, "Kun amsa tes ɗin?"

Wane tes?

Wai kwana uku da suka wuce an tura saƙo zuwa lambar majiyyaci, a danna ɗaya a mayar kafin kwana guda, in ba haka ba an ɗauka ka fasa, a ba wani gurbinka. Na zura hannu a aljihun Baba na ciro 'yar ƙaramar wayarsa da aka ɗaure da roba. Ga shi nan kuwa, da Turanci, ya maƙale tsakanin tallan waƙar kira da na data. Baba ya ce, "Ai na ji ta yi ƙara rannan. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba, na mayar aljihu."

Jama'a, ku tsaya ku ji wannan da kyau. Mutum yana neman a cire masa yana saboda ba ya gani, sai ka rubuta masa wasiƙa ka ce ya karanta ya amsa, in bai amsa ba ka kore shi. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, akwatin da ke fom ɗin cewa ya yi lambar majiyyaci. Ni kuma na bi umarni, na sa ta Baba. Da cewa aka yi lambar wanda zai karanta maka saƙo, da tawa zan sa, ni da ko banɗaki da waya nake shiga. Gaskiyar da na faɗa musu ce ta cinye mu.

Nas ɗin ta ce kada in huce a kanta, tun Litinin take shan zagi. Ta nuna min gindin wata darbejiya a harabar. Tsofaffi ne zaune a tabarmi da ledojinsu, maza gefe mata gefe, wasu daga ƙauye suka zo, duk an ce babu sunansu, kuma sun ƙi tafiya ko Allah zai sa. Ta ce ita ba ta da ikon ƙara kowa, na'ura ce take fitar da sunaye. Sai ta rage murya ta kwatanta min inda yaran da suka haɗa abin suke, wani bene kusa da kasuwa, saman shagon wayar lantarki. Ta kalli Baba ta ce ya karya kuwa? Na ce an ce kada ya ci. Ta ce, "Wa ya ce? Ku ba bawan Allah abinci." Shi ma fom ɗin bai ce komai a kai ba.

Na ce Baba ya zauna a gindin bishiyar in je in dawo. Ya ce idon nawa ne ko nasa? Muka kama hanya a ƙafa, hannunsa a kafaɗata.

Duk yawona a Sabon Gari ban taɓa tafiya a hankali a cikinta ba sai ranar. In kana jan wanda ba ya gani sai ka lura da abubuwan da kake tsallakewa kullum: kwatar da aka cire wa murfi, janareto a tsakiyar hanyar ƙafa, rodi da ya leƙo daga gini daidai goshin mutum. Layukan a miƙe suke ɗoɗar ba kamar lungunanmu ba, amma kowane taku da tarkonsa. Wata Bayarabiya na tuƙa amala a bakin layi, ƙamshin miyar ya bi mu har kwana. Wani Inyamuri mai sayar da kwan fitila ya bar shagonsa ya kama ɗaya hannun Baba ya tsallakar da shi wata kwata, yana cewa a hankali Baba, sannu Baba, Hausa tas. A bakin kasuwa na saya mana gurasa da ƙuli. Gurasar yanzu ta koma kamar tafin hannun jariri, kuɗin kuma ya ninka na bara, amma Baba ya cinye biyu a tsaye ya kora da ruwan leda. Ya ce da ya san za a yi haka da ya sha kokon Inna.

Benen hawa uku ne, matakalar a matse, babu abin dafawa, babu fitila. Baba yana hawa yana ƙirga matakala a fili, ni kuma ina tara abin da zan faɗa.

Muna tura ƙofa sanyin na'ura ya buge mu. Mutum biyu ne a ciki. Wani saurayi Inyamuri da manyan kwamfutoci biyu a gabansa, haihuwar Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Sai wata budurwa da hijabi a ɗaya teburin, bangon bayanta cike da ƙananan takardu masu launi an manna su layi layi. Ban yi dogon gaisuwa ba, na ajiye masa wayar Baba a kan tebur na faɗi abin da ya faru. Ya danna danna ya ce, "Sistem bai yi kuskure ba. An tura saƙo ranar Litinin, ya shiga, ba ku amsa ba."

Na ce, "Oga, ka kalli mutumin nan. Ka kalli idonsa. Da me zai amsa?"

Ya ce ai an rubuta a fom cewa saƙo zai zo. Na ce ƙarya ne, sau uku na cike. Ya ce in iya bakina. Na ce in ban iya ba fa? Na faɗi wasu maganganu da ba zan rubuta a nan ba don ƙannena suna bibiyata. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kai."

Sai budurwar ta taso ta durƙusa har ƙasa ta gai da Baba irin gaisuwar Yarabawa, ta jawo masa kujerarta. Baba ya ji muryarta ya ce 'yar gidan wa ce? Ta kwatanta, ashe 'yar Fagge ce, jikar wani Alhaji mai injin niƙa, Baba ya ce shi ya ɗinka wa babanta kayan aure. Na zaci za ta fara ba da haƙuri. Sai ta buɗe fom ɗin a wayarta ta miƙa wa Baba ta ce, "Baba don Allah ka yi rajista, kamar ba kowa a ɗakin nan." Ta juyo gare ni ta ce kada in taɓa, kada in yi magana.

Baba ya kai wayar har hancinsa. Ya nisanta ta. Ya juya ta. Ya shafa fuskarta da yatsa. Can ya ce, "'Yata, a kunne take?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta karɓa ta ba ni, ta ce ni ma in cike, amma in dinga faɗin abin da nake tunani a fili. Ta ɗauki biro. To ai ta samu, don na faɗa mata har da ƙari. Kalandar, lambar gidan, yadda yake gogewa. Ita dai rubutu take, ba ta kare kanta ko sau ɗaya ba. Da koren makin ya fito ta ce, "Yanzu me za ka yi?" Na ce in rufe mana, na gama. Ta ce in ja fuskar sama. Na ja. Can ƙasa, inda ba wanda zai je, ga wani siririn layi wai za a turo saƙo a tabbatar. Ashe Oga bai yi ƙarya ba, an rubuta. Amma wa yake ci gaba da karatu bayan malami ya ba shi maki? Ta ɗauki wayar ta kai bakin taga inda rana take, rubutun ya ɓace ɓat. Ta daɗe tsaye a wurin.

Oga ya ce su fa sun gwada kafin su saki. Ta ce da wa? Ya ce ai kina nan, mu da abokanmu. Sai Baba ya gyara zama ya ce shi bai san aikinsu ba, amma a shagonsa in yaro ya auna jikinsa ya yanka wa Alhaji mai tumbi riga, ba Alhajin ake ce wa ya rage ciki ba, yaron ake kora. Ya ce, "Kun auna mu kafin ku yanka?" Oga ya sosa kai.

Ita ce ta yi min bayanin aikinta, don na tambaye ta wai me ake biyanta ta yi. Ta ce abu biyu ne. Ɗaya suna ce masa UI, shi ne fuskar abin, girman rubutu, launi, inda aka ajiye madanni, kalmar da aka rubuta a kai. Ɗayan UX, shi ne duk abin da mutum ya sha tun daga jin sanarwa a masallaci har ya kwanta a gadon likita, har da tes ɗin, har da mai gadi. Ta ce ita ta zauna ta ƙawata fuskar, launin tokan ma waɗanda suka ba su aikin ne suka zaɓa don ya yi kyau a kwamfuta, amma ba ta taɓa bin mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ta ce abu na farko da ake koya musu shi ne ka san wa zai yi amfani da abin, a ina, da wace irin waya, kuma in ya yi kuskure ya zai gyara. Na ce Anti, wannan har sai an ba shi sunan Turanci biyu? Mai shayin layinmu ya san wanda ba ya shan siga tun kafin ya zauna. Ta ce na yi gaskiya. Wallahi na fi son ta yi musu, don ban gama fushi ba.

Na ce to duk na ji, a mayar da sunan Baba, lokaci na tafiya. Oga ya buɗe nasu ɓangaren ya duba sama ya duba ƙasa. Babu madannin mayarwa. Akwai na sokewa, na'ura ma da kanta take sokewa, amma ba su taɓa tunanin wanda aka soke zai zo ya tsaya a ƙofa ba. Ya ce gurbin Baba an riga an ba wani. Anti ta ce ya buɗe ta ga wanda aka ba. Wata tsohuwa ce. Ita ma an tura mata tes. Ita ma ba ta amsa ba. An soke ta an ba wani tsoho, shi ma haka. Ta ce ya buɗe jerin ranar gaba ɗaya. Ya ja, ya ja, gurabe ne a buɗe birjik.

Kun gane? Likita yana ciki da gado babu kowa yana jiran marasa lafiya, marasa lafiya suna waje gindin darbejiya suna jiran likita, tsakaninsu bango ɗaya da mai gadi da wayar wuyansa. Kwana huɗu ana haka. Ni dai a nan na zauna a ƙasa, don in na ci gaba da tsayuwa wata kwamfuta za ta faɗi.

Anti ta kira babbar nas ɗin asibitin a waya, suka yi magana, aka ce sai da takarda daga ofishin su Anti. Ta sa Oga ya buga sunayen duk wanda na'ura ta soke. Ya ce mai kamfani ya ce komai sai ya bi ta sistem. Ta ce to ya zauna da sistem ɗin, ta zare takardun daga injin da ɗuminsu ta ɗauki jaka. Zan faɗi gaskiya, da za mu sauko Oga ne ya kunna fitilar wayarsa ya riƙe Baba tun daga sama har ƙasa, shi ya tare mana adaidaita. Ban yafe masa ba tukuna, amma na gani.

Mun koma asibitin ana kiran azahar, rana ta take, laka ta bushe ta zama ɓawo. Babbar nas ta sa hannu a takardar. Anti ta je gindin bishiyar ta tsaya ta fara kiran suna da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Abin da manhaja ta kasa yi a kwana huɗu, murya ta yi shi kafin a tayar da sallah. Ka ji "Na'am" daga nan, "Ga ni" daga can, jikoki na ɗaga kakanni, ana naɗe tabarmi. Amma akwai sunayen da ta kira sau uku shiru. Wani ya ce ai wannan tun shekaranjiya ya koma garinsu. Wata ta ce waccan kuɗin motar komawa kawai ya rage mata, ta tafi da safe. Duk sunan da aka yi shiru sai in ga biron Anti ya tsaya.

Baba ya shiga gab da la'asar, saura mutum biyu a rufe. Na kasa zama, na zaga harabar nan ban san sau nawa ba, na fita na sayi rake na kasa sha. Aikin gaba ɗaya bai kai lokacin da na ɓata a kan kalandarsu ba. Aka fito da shi an manne masa ido ɗaya da auduga da wani murfin roba, aka ce a dawo da safe nas ta buɗe. Kafin mu tafi Anti ta karɓi lambata ta ce za su gyara fom ɗin, tana so in zo ofis ranar Asabar in gwada musu sabon.

Mun iso Kwaciri ana kiran magariba, layinmu ya sha iska har adaidaita ta shiga. Inna na bakin ƙofa tun la'asar. Tafiyar da ko a ƙafa ba ta kai awa biyu ba ta cinye mana yini cur.

Abin da na koyo ba mai yawa ba ne. Da, in fom ko na'urar cire kuɗi ta rikita ni, shiru nake in matsa gefe, in ce laifina ne da na gudu daga makaranta. Yanzu na ga ɗakin da ake yin su. Mutane ne kamar ni a zaune cikin sanyi, ba mugaye ba, sun dai yi wa kansu abin ne suka miƙo mana. In kakarka ta kasa, ba ita ce ta kasa ba. Kuma duk wanda zai cike wa tsoho fom, ya sa tasa lambar ba ta tsohon ba, ko me akwatin ya ce.

Yau da safe muka koma aka buɗe idon. Ga saƙon da na tura wa Anti ɗazu:

"Anti ina kwana. An buɗe, yana gani, Alhamdu lillahi. Ya karanta lambar motar asibiti daga nesa har nas ta yi tafi. Ya ce in gode miki. Maganar Asabar, ba zan zo ofis ba. Ni idona lafiya lau, me za ki gani a wurina? Ki zo layin teloli a Fagge da wayarki, akwai tsofaffi a benci da ke jiran zuwan likitocin na gaba, ki ba su a rana ki zauna ki kalla. Ki zo da Oga. Waɗanda suka koma gida kuma a kira su da baki, da Hausa, a gaya musu ba laifinsu ba ne kuma sunansu na farko in an dawo. In ba ku da mai kira ki turo min takardar, ni ba aikin da nake yanzu. Kada ki kira ni sai bayan azahar. Ana cire audugar nan Baba ya juyo ya kalli kaina ya ce tun yaushe nake yawo da wannan askin. Shekara biyu ina abina ba wanda ya sani. Yanzu haka ina kujerar mai aski, yana tsaye a kaina yana nuna masa inda ya rage."